Filin Adon Gida: Ƙwarin Da Suka So Su Ba Ni Kunya



Wata fulawar ros ce wani bawan Allah (kar ku tambaye ni ko wane ne) ya kawo min har gidanmu a Unguwar Mu'azu, na dasa ta a tsohon bokiti ina lallaɓa ta kamar ƙwai. Zafin bazara na shigowa sai furen ya ƙi buɗewa, bakinsa ya ƙone, ganyen ya yi fari-fari da ɗigo-ɗigon baƙi. Goggo ta ce kambun baka ne. Ni kuwa har na fara tsara abin da zan ce masa.

Ashe wasu ƙwari ne, Turawa na ce musu tirips, dangin masu zubar da furen wake a gona. Sirara ne, da ƙyar suke kai milimita 2, cikin fure suke ɓuya suna tsotse ruwansa. Ki kaɗa furen a kan farar takarda, za ki gan su suna rarrafe.

In kin gan su, tsinke duk furen da ya kamu ki ƙone, ba tausayi. Ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Duk mako ki maimaita, sau 3 ko 4, don ƙwansu cikin naman ganyen yake, feshi ba ya taɓa shi, sai sun ƙyanƙyashe. Sabuwar fulawa kuma in kin sayo, ware ta gefe mako 2 tukuna.

Tawa dai ta fid da sabon toho. Shi har yau bai sani ba, don Allah kar wacce ta gaya masa!