Wa zai riƙe mabuɗin bayan furoje ya tashi?

Duk furojen da ya sauka a Damargu yanzu sai ya zo da alkawarin shafin intanet: na ma'aikatar magajin gari, na lakwal, na ƙungiyar manoma. Kuɗin na fita, a yi biki, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu ka nemi shafin, ko dai ya mutu, ko kuwa labarin ƙarshe da ke kansa na ranar bikin ne.

Mutane na cewa sakacinmu ne. Ni ban yarda ba. Cutar tana farawa tun ranar da masu gina shafin suka zauna a Yamai suka zaɓi manhajar da za ta ɗauki rubutu da hotuna. Da wane ma'auni suke zaɓa? Abin da hannunsu ya saba da shi, ko abin da zai burge mai ba da kuɗi. Wani zai ce WordPress, don ita ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Wani zai ce Drupal, don manyan hukumomi na aiki da ita. To, sannunku. Amma sakataren da za a bar wa shafin a Ollelewa, an tambaye shi abin da zai iya?

Manhaja kamar rijiya take, tana son yasa. Joomla 3 an daina yi mata gyara a Agustan 2023, Drupal 7 kuma a ranar 5 ga Janairun 2025. Shafin da aka gina a kansu sai an kwashe shi zuwa sabon zubi, aikin kuwa na gwani ne, kuma da kuɗinsa. Gwanin ya karɓi ladansa ya tafi, wani lokaci har da kalmar sirrin shiga. Kuɗin haya na shekara ma babu wanda ya sa shi cikin kasafi.

Sai nauyi. Ana gwada shafi a ofis mai sanyi da intanet mai gudu, a loda masa manyan hotuna masu juyawa. A nan, duk da matatar SORAZ da ke ƙasarmu tun 2011, akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kafin salula ta kama rezo. Shafin bai gama buɗewa ba, kuɗin malami sun ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haruffa. A Maris 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma ana zaɓen zubin rubutu marar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai su fito akwati-akwati ko a karkace. Ƴaƴan da nake koya wa bambancin ƙasa da kasa me za su ce?

Kafin magajin gari ya sa hannu, a kawo shafin nan, a buɗe shi da ƙaramar salula a kasuwar Bakin Birji, sakatare ya saka sanarwa da Hausa da hannunsa. A kuma rubuta cikin kwangila sunan wanda zai biya hayar shekara ta uku.