An canja masu kujera, to ilimin fa?

A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an Sin guda uku, na CNPC da SORAZ da WAPCO, musamman kan tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. A watan Yuni kuma aka maido SOMAIR ta Arlit hannun ƙasa, bayan kamfanin Orano na Faransa ya daɗe da riƙe kashi 63 cikin ɗari. An yi murna, kuma da dalili. Amma ƴan uwa, akwai tambayar da tafi ya danne: sanin yadda ake tafiyar da waɗannan kamfanoni, a hannun wa yake, kuma ina aka aje shi?

Matatar Damagaram tun Nuwamban 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga dubu 20 a rana, CNPC na da kashi 60, Nijar na da 40. Yaron da aka sa lakwal a shekarar da aka buɗe ta, yau ya isa shiga jami'a. Wannan lokaci ya isa a ce kowace kujerar fasaha da baƙo ke kai akwai ɗan ƙasa a gefensa yana koyo, an kuma sa ranar da zai karɓa. Ilimin kamfani ai rabinsa ne ke cikin takarda. Sauran yana kan tsohon makaniken da in ya ji ƙarar famfo ya san zai lalace kafin sati, da wanda ya san wane gyara aka gwada shekara biyar baya bai yi ba. In mutumin nan ya yi ritaya ko ya hau jirgi ba a zaunar da shi an rubuta ba, sai a sake sayen abin da ya sani da kuɗin talaka.

Akwai kuma wanda ya fi wannan wuya: sakin abin da aka saba.

Dubi NIGELEC. Shekaru da shekaru kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga Najeriya take zuwa. Tana da araha, sai ta zama ɗabi'a, har kamfanin ya ƙware wajen saye da rabawa, samar da tasa kuma ya zama aikin gobe. Madatsar Kandaji tun 2008 aka aza tubalinta. Da Najeriya ta yanke layi a Agustan 2023, kowa ya ga abin da sabo ya jawo: mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ta yi asara, asibitoci suka koma kan janareta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 sai a ƙarshen shekarar ta shiga layi, a ƙasar da rana ke dukanmu wata goma sha biyu. Injiniyoyin da suka san aikin muna da su. Tsohon lissafin ne, mai cewa wutar maƙwabci ba ta yankewa, ya yi kane-kane a teburin masu yanke shawara.

Kuma kada wani ya ce mana ba a iya sakin tsohon karatu a ƙasar nan. An yi, a gonakinmu ma. Da can malaman gona suna koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, doka kuma ta ce itace irin gawo na hukuma ne, ka sare reshe ɗan gandun daji ya ci ka tara. To wa zai yi renon abin da ba nasa ba? An yi ta dasa itatuwan reno suna mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, a yankin Maraɗi, ya lura kututtukan da ake sassaɓewa duk shekara saiwarsu na raye, abin da manoma da yawa suka sani ba a tambaye su ba. Daga nan sassaben zamani ya bazu. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma duk wanda ya bi hanyar Mirya, Matamai ko Magarya ya ga gawo da idonsa. Sai da ma'aikacin gandun daji ya daina kallon manomi a matsayin ɓarawon itace kafin abin ya zauna, dokar ma daga baya ta biyo, a 2004 da 2020.

Mu nan Gure mun san ɗaya ɓangaren. Ayyukan tare rairayi sun zo sun tafi a kwarurrukanmu, matan da suka kakkafa shinge a kan tudun yashi sun san wanda iska ke kayarwa da wanda ke tsayawa. Rahoton kuwa da Faransanci yake, a wani ofis a Yamai, sabon aiki in ya zo sai ya faro daga fari kamar ba a taɓa yi ba.

Don haka abin da muke nema daga SORAZ da SOMAIR da NIGELEC a fili yake. A bayyana wa jama'a kujeru nawa na fasaha ke hannun ƴan ƙasa, nawa suka rage, da shekarar da za a miƙa kowace. A rubuta littattafan gyaran injuna cikin harshen da ma'aikatanmu ke karantawa. A buɗe ƙofar koyon aiki ga ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta hanyar jarrabawa, ba ta wasiƙar kawu ba. Sabbin shugabannin kuma su faɗa mana ɗabi'a ɗaya tak ta tsohon tsari da suka soke tun hawansu, da ranar da suka soke ta.