Kafin a Sake Yi Mana Alƙawarin Bautar Ƙasa

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, za mu sake jin masu neman shugabancin ƙasa suna alƙawarin faɗaɗa bautar ƙasa da aikin sa-kai. Ai mun taɓa gani. Bayan Buhari ya hau mulki aka fito da N-Power a 2016, aka ɗebi matasa aikin koyarwa a kan naira dubu 30 a wata. Wa'adi na cika da yawansu suka koma zaman kashe wando, wasu har yau suna bin gwamnati bashin alawus.

Ita kuwa NYSC, wadda ɗan Filato Janar Gowon ya kafa a 1973, masu digiri da babbar difloma kawai take ɗauka. Ni da ƙaramar diflomata ko ƙofar sansanin Mangu ban taka ba. Amma yaran da ke yashe mana magudanan ruwa kafin damina, suke kwana sintiri cikin sanyin Jos, da yawansu ko sakandare ba su gama ba. Ba kaki, ba takardar shaida, ba ko sisi.

Duk ɗan takarar da ya turo wakili taronmu, zan tambaye shi a gaban kowa: yaran nan suna cikin lissafinku, kuma wa zai biya su?

Sakataren ƙungiya