Tsofaffin Makaɗa Da Annoba

Kwanan baya gardama ta kaure tsakanina da wani abokina a kan waɗansu makaɗan Turawa da a ke kira Rolling Stones. Shi ya ce tun da annoba ta zaunad da su a 2020, da ma sun ajiye kayan kiɗa ke nan, su huta, gama sun tsufa. Wani kuma da ya tsoma baki ya ce a'a, kuskurensu ɗaya ne, watau da suka yarda suka tsaya tun farko. Ni kuwa ban bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo maganar gaban jama'ar kwalejin nan, kowa ya auna.

Ga wanda bai san su ba, mutanen Ingila ne, sun haɗu a birnin Landan a 1962, suna irin kiɗan nan mai amo na jita da ganguna wanda a ke ce da shi rok. Mawaƙinsu Mick Jagger da mai jitarsu Keith Richards duk a 1943 aka haife su. Sana'arsu yawo ce: yau suna wannan birni, jibi suna wancan, suna kiɗa a filayen ƙwallo, inda mutum dubu hamsin ko fiye kan taru dare ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suna ihu suna waƙa. A zamanin yanzu da cinikin faifai ya ja baya, yawon nan shi ne babbar hanyar samun makaɗi.

To, sun shirya za su fita yawon Amurka cikin watan Mayu na 2020. Ran 11 ga watan Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar korona ta zama annoba ta game duniya. Kafin watan ya ƙare aka ɗage yawon. Sai cikin watan Afrilu aka gan su a talabijin, a wani shiri na taimakon ma'aikatan lafiya, su huɗu, kowa a ɗakinsa. Mai gangarsu Charlie Watts ko ganga babu a gabansa, sai sanduna ya ke kaɗawa a iska da kan akwatuna. Abin ya ba da dariya, ya kuma ba da tausayi.

Ga mai cewa bai kamata su tsaya ba, ina so ya tuna da abu biyu. Na ɗaya, cutar nan ta numfashi ce, kuma babu inda ta ke jin daɗin yaɗuwa kamar taron da a ke buɗe baki ana waƙa. Na biyu, tsofaffi ta fi kayarwa, ga shi kuwa lokacin ba a sami allurar rigakafi ba. Jagger yana da shekara 76, kuma a 2019 likitoci suka yi masa aiki a zuciya. Masu kallonsu ma da yawa furfura gare su, gama tare suka tashi. In makaɗi ya tara mutane ya sallame su da cuta, su kai wa na gida, wane irin alheri ya yi musu? Ran mutum ya fi kuɗin tikiti. Rigakafi kuwa, an ce, ya fi magani.

Amma fa kada a ce jiran nan kyauta aka yi shi. Shekara guda ga saurayi kamar kwabo ce a aljihun attajiri, amma ga ɗan shekara tamanin, wa ya san ko ita ce ta ƙarshe? Charlie Watts yana tare da su tun 1963. Kiɗansa na ƙarshe a gaban taro tare da su a birnin Miami ne, ran 30 ga watan Agusta, 1919 da ɗari, watau 2019. Da aka tashi komawa yawo a 2021, sai aka ce ba zai bi su ba, yana jinya. Ran 24 ga watan Agusta na wannan shekara ya rasu a Landan, yana da shekara 80. Ba zan ɗora wa annoba mutuwarsa ba, kwana ne ya ƙare. Amma ita ta cinye masa yawon da da ya yi a 2020. Bayan wannan kuma akwai waɗanda ba a ganinsu a dandali: masu kafa dandamali, masu haɗa fitilu da lasifika, direbobin manyan motocin kaya, masu sai da abinci a bakin ƙofa. Su Jagger suna da abin da za su ci har ƙarshen ransu. Waɗannan kuwa, in ba a yi kiɗa ba, tukunya ba ta hau wuta ba.

Saboda mutanen nan ne, da kuma wani dalili, ban yarda da abokina da ya ce su ajiye ba. Tsufa ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne, mutum yana iya aikinsa ko ba ya iyawa? Ran 26 ga watan Satumba, 2021, bayan allura ta samu, suka hau dandali a St. Louis, wani gwani mai suna Steve Jordan ya zauna a mazaunin Watts. A 2022 suka zaga Turai don cikarsu shekara 60. A 2023 suka fitad da sabon faifai, a 2024 kuma suka sake yawon Amurka, Jagger da Richards kowa na da shekara 80. Abin da zai ba ku dariya, ƙungiyar masu ritaya ta Amurka ce ta tsaya musu a wannan yawo. Da sun bi shawarar abokina, da duk wannan bai faru ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne abin da ya faru a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ran 13 ga watan Yuni, 2022. Jama'a sun fara shiga fili, sai Jagger ya ji jikinsa ba daidai ba. Aka gwada shi, aka ga cutar ce. Nan take aka ce kowa ya koma gida. Aka sa wata rana cikin watan Yuli, suka dawo suka biya bashi. Wasan da za su yi a Bern ta ƙasar Suwizalan kuwa ya faɗi ke nan. An yi hasara, an yi gunaguni, amma ba a ɓoye gaskiya don kuɗi ba.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona. Amma wa zai rantse wata ba za ta zo ba? In ta zo, ra'ayina shi ne tsofaffin makaɗa su yi yadda waɗannan suka yi: in likitoci sun ce a tsaya, a tsaya, ko da jiran zai ci abin da ba ya dawowa, in hanya ta buɗe, mai sauran ƙarfi ya ɗauki jitarsa. Sai dai in ƙara abu guda. Duk mai cin ribar yawo, ya riƙa ware wani abu tun ana cikin yalwa, domin ma'aikatan da ke bayan dandali, kada ranar tsayawa ta same su hannu wofi.

Iyakar ra'ayina ke nan. Abokina har yanzu bai sallama ba, wanda ya ga ya fi ni gaskiya kuwa, ga fili nan a fitowa ta gaba. Allah Ya kiyashe mu da annoba, amin.