Siririyar Kwamfuta: Sauƙin Ɗauka da Abin da Ake Biya Dominsa

A watan Janairun 2008, a birnin San Francisco na Amurka, Steve Jobs ya zaro kwamfuta daga cikin ambulan irin ta ofis a gaban jama'a. Ita ce MacBook Air ta farko. Nauyinta kilo 1.36, ba ta da wurin sa faifan CD, kuma kafar USB ɗinta guda ɗaya ce tal. Masu suka sun ce an yi kwamfutar ado da ba ta da amfani. Shekara uku bayan haka kamfanin Intel ya fito da tsarin Ultrabook domin sauran kamfanoni su bi sahu, aka samu irin su Dell XPS 13 da ThinkPad X1 Carbon, daga baya kuma LG Gram, wadda wasu nau'o'inta ba su kai kilo guda ba. A yau duk ma'aikacin da ya shiga kasuwa neman kwamfutar tafi-da-gidanka, siririyar ce za a fara nuna masa. Abin da ya kamata ya sani kafin ya zaro kuɗi shi ne, sirantakar nan ciniki ce: an ba shi wasu abubuwa, an kuma karɓe wasu.

Abin da aka ba shi na farko shi ne sauƙi a kafaɗa. Bambancin kilo guda tsakanin siririya da babbar kwamfuta ba ya nuna kansa a kan teburin shago. Lauyan da ke zirga-zirga tsakanin kotu da ofis, ko malamar jami'a mai hawa bene da jaka cike da takardun jarrabawa, ko ɗan jaridar da ke kwana a hanya, su ne suka san nauyinsa. Kwamfutar da ta yi wa mai ita nauyi a gida ake barinta, wadda kuma aka bari a gida ba ta yi wa kowa aiki ba.

Na biyu ya fi na farko muhimmanci, wato ƙarancin cin wuta. Domin injin ya zauna cikin siririn jiki ba tare da ya ƙone ba, dole aka ƙera masa ƙwaƙwalwa mai tsimin lantarki. Da Apple ya fito da ƙwaƙwalwar M1 a watan Nuwamban 2020, MacBook Air ta zo babu fanka ko ɗaya a cikinta, kuma kamfanin ya ce batirinta na iya kai wa sa'o'i 18 ana kallon bidiyo. Ko da an rage wani abu daga alkawarin ɗan kasuwa, abin da ya saura ya ishi yinin aiki. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan jin daɗi ne kawai. A arewacin Najeriya kuwa, inda jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024 bayan an lalata layukan dakon wuta, batirin da ke yini shi ne ke raba mai miƙa aikinsa a kan lokaci da mai ba da haƙuri. Ga shi yawancin siraran kwamfutoci da kafar USB-C ake yi musu caji, don haka ƙaramin faifan sola ko fawabank mai ƙarfi na iya ciyar da su ba sai an tayar da janareto ba. Wadda ba ta da fanka ma tana da wata riba a lokacin hunturu, domin ba ta zuƙar ƙura zuwa cikinta.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Domin a rage kauri, sai masana'antu suka daina sa ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sana'ar ke kira RAM, a cikin gurbin da ake zarewa a sauya. Yanzu liƙe ta ake yi da dalma a jikin allon injin. A MacBook Air har ma'ajiyar bayanai ma liƙe take. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya sayi mai gigabait 8 yau, da ita zai zauna har ranar da zai rabu da kwamfutar. A da, mutum kan sayi abin da aljihunsa ya iya, bayan shekara biyu ya kai wa mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja a ƙara masa. Wannan ƙofa ta rufe a yawancin sirara. Idan kuma allon injin ya lalace, gyaran kan kusa kuɗin wata kwamfutar ta hannu, kuma bayanan da ke ciki na iya tafiya tare da shi.

Sai zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu kan haura 40. Siririn jiki ba shi da filin fitar da zafi, saboda haka idan injin ya ɗau ɗumi sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. Mai rubutu da lissafin ofis ba zai lura ba. Mai tace bidiyo ko injiniyan da ke zanen gini zai ga aikin minti goma ya koma na rabin sa'a. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar batirin litiyam, wanda a irin waɗannan kwamfutoci sau da yawa da gam ake manna shi.

Akwai kuma ƙarancin kafofin jona kaya. MacBook mai inci 12 ta 2015 ta zo da kafar USB-C guda ɗaya, ita ce ta caji, ita ce ta komai. Wanda ya shiga ɗakin taro ya tarar da tsohon majigi, ko aka miƙo masa filash irin na da, sai ya koma neman na'urar haɗi, wadda ita ma kuɗi ce, kuma takan ɓata ranar da aka fi buƙatarta. Wannan kwamfutar ce kuma ta zo da siraran madannai da ƙwayar ƙura ɗaya ke iya hana su aiki. Kamfanin ya yi watsi da su zuwa 2020, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Darasin a fili yake: akwai iyakar da in an wuce ta, sirantaka takan cinye amfanin abin.

Masu kare masana'antu kan ce liƙe kayan ciki dole ne, domin yana ƙara gudu ya kuma rage cin batir. Akwai gaskiya a nan, amma ba dukkanta ba ce. Kamfanin Framework ya fito da kwamfuta a 2021 mai nauyin kimanin kilo 1.3, wadda mai ita ke iya kwancewa da sukuddireba guda ya sauya ƙwaƙwalwa da batir da allo. Faransa kuma tun Janairun 2021 ta tilasta a riƙa nuna makin sauƙin gyara a jikin kwamfutocin da ake sayarwa. Ke nan wani ɓangare na wahalar gyara zaɓin kamfani ne, ba hukuncin kimiyya ba.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne wannan. Ga wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da taro ta intanet, kuma yana yawo da kayan aikinsa, siririyar kwamfuta ta cancanci kuɗinta, musamman inda wuta ba ta da tabbas. Amma da sharaɗi. Tun da naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, kwamfuta ta zama kadarar da ake saye domin shekara biyar ko shida. Wanda zai saya ya ɗaure ya nemi mai gigabait 16, ko da zai haƙura da sabon yayi ya ɗauki na bara. Idan ta hannu ce, ya duba lafiyar batirinta, ya kuma tabbatar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Ya tambayi mai gyaran garinsu ko ana samun allo da batirin wannan nau'in kafin ya biya, ya kuma riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam.

Wanda kuwa kwamfutarsa daga teburin ofis sai teburin gida, ko aikinsa mai nauyi ne, babu dalilin da zai biya kuɗin sirantakar da ba zai mora ba. Mai ɗan kauri, mai fanka da kafofi da gurbin ƙara ƙwaƙwalwa, ta fi araha, ta fi jure zafi, kuma idan ta samu matsala akwai mai gyara ta a kasuwar garinsu.