Mai Shari'a Uwais da rahoton da muka ƙi karantawa

1/ Jiya a teburin mai shayi nan Katabu wani ya ce duk alƙalan Najeriya kanwar ja ce. Na kawo sunan Muhammadu Lawal Uwais, sai aka yi tsit. Ashe rabin teburin ba su san shi ba, ga Zariya nan kusa da mu.

2/ A Zariya aka haife shi a 1936. Ya zama lauya a Landan a 1963, ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, ya yi Alƙalin Alƙalai daga 1995 zuwa 2006. Ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2025. Allah ya ji ƙansa.

3/ A zamaninsa, a 2002, Kotun Ƙoli ta rushe yawancin sharuɗɗan da INEC ta gindaya wa masu neman rajistar jam'iyya. Balarabe Musa, tsohon gwamnanmu, na cikin masu ƙarar.

4/ Amma ba zan ɓoye ba: shi ya jagoranci zaman da ya kori ƙarar Buhari kan zaɓen 2003. Na san wasunku har yau ba su huce ba. Ni abin da ya fi damuna lokacin ne. Sai a Yulin 2005 aka yanke hukunci, Obasanjo ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa. Wace kotu ce za ta tsige shi a lokacin?

5/ Ina ganin shi ma abin ya tsaya masa a rai. Da 'Yar'aduwa ya ba shi kwamitin gyaran zaɓe a 2007, rahoton da suka miƙa a Disambar 2008 ya ce a gama shari'ar zaɓe kafin rantsarwa, a kafa hukumar hukunta masu maguɗi, kuma majalisar alƙalai ta NJC ta tace wanda zai shugabanci INEC.

6/ Gwamnati ta yi fatali da batun NJC ɗin. Har gobe shugaban ƙasa ke zaɓo alƙalin wasan da shi ma zai buga. A 2023 an rantsar a Mayu, hukuncin Kotun Ƙoli sai Oktoba.

7/ Da ya rasu, manya sun yi ta rige-rigen ta'aziyya. To duk ɗan takarar majalisa da ya zo Katabu neman ƙuri'ata, tambayata ɗaya ce: ranka ya daɗe, ka karanta rahoton Uwais?