Binciken hasken terahaz ya cancanci kuɗin da ake zuba masa

Tsakanin igiyoyin maikurowef da hasken infarared akwai wani haske da ido ba ya gani, terahaz, mai kaɗawa sau tiriliyan a cikin daƙiƙa guda. Yana ratsa tufafi da takarda da roba, kuma ba ya lahanta ƙwayoyin jiki kamar yadda hoton ƙashi na asibiti ke iya yi. Samar da shi ne jan aiki. Idan aka haska leza mai ƙiftawa a kan sinadarin indiyam-asenaid, ɗaya daga cikin abubuwan da ke wuce da lantarki rabi-rabi, yakan fitar da terahaz, amma yawancinsa na maƙalewa a ciki. Ƙarfin maganaɗisu na karkatar da tafiyar ƙwayoyin lantarkin, sai hasken ya samu mafita. Masana a Japan sun nuna ƙaruwarsa sosai a 1998.

Masu suka na cewa maganaɗisun yana da nauyi da tsada, tururin ruwan da ke iska kuma yana shanye hasken kafin ya yi nisa. Gaskiya ne. Sai dai gwajin maganaɗisun ne ya fallasa ainihin cikas ɗin, wato alkiblar da ƙwayoyin ke bi, har aka fara sassaƙa fuskar sinadarin don a cim ma buƙata ba tare da maganaɗisu ba. Nisa kuwa ba kowane aiki ke buƙatarsa ba: bayan hatsarin kumbon Columbia a 2003, NASA ta yi amfani da terahaz wajen duba soson da ke lulluɓe tankin man kumbonta. Gwamnatocin da ke rage kuɗin irin wannan bincike suna kuskure.